Alhaji Teku da Ragon Sunan da Ruwa Ya Tsare

Duk ƙasar Daura, daga Kusugu har bakin iyakar Nijar, ba a taɓa yin mutumin da ya san iska kamar Hafizu Maiturare ba. Ba ni na faɗa ba, shi ya faɗa, kuma ya faɗa ya maimaita. Allah ya yi masa baiwar da bai yi wa kowa ba a ƙauyensu na gefen Sandamu: ya ga teku da idonsa. Bara waccan ne maigidansa, wani dillalin turare, ya tafi hutu wani tsibiri mai yawan iska, ya ɗauki Hafizu riƙon jaka. Bai cika mako ba ya dawo, amma da ilimin da zai ishi jami'a guda. Da yake bai je Makka ba tukuna, 'yan majalisar shayi suka ga bai dace irin wannan tafiya ta tashi a banza ba, suka laƙaba masa Alhaji Teku. Shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu, har ya sa aka rubuta masa a bayan babur.

A can ne ya ga wasan nan da mutum ke tsayawa kan allo a saman ruwa, wata ƙatuwar laima tana sama tana jan sa da igiya. Ko ya taɓa hawa? Wannan tambayar marasa tarbiyya ce. Ya dai zauna a inuwa yana gadin takalman maigida, ya kalla har ya ƙware. Tun daga nan ba a ƙara shan shayi lafiya a garin ba.

"Ku iska ɗaya kuka sani," in ji shi, yana kaɗa makullin babur. "Mu da muka fita mun san iska iri-iri ce. Akwai mai tura ka cikin ruwa, akwai mai dawo da kai gaɓa, akwai ta gefe, wadda ita ce ta manya. A tsibirinmu kowane lungu da halinsa. Wanda bai san wurare ba, teku ba ta jin magiya."

Tsibirinmu fa ya ce, ku ji.

To, Allah da ikonsa, sai ga tsibiri ya biyo shi har gida. A bayan gari akwai wani kwari mai tudu a tsakiya, da bishiyar gawo a kai. Da damina ta faɗi, Hafizu ya kai ragonsa tudun nan ya sake shi, don ya ci ciyawa kyauta ba tare da ya shiga gonar kowa ba. Ragon suna ne, domin matarsa Zubaida na da tsohon ciki. Ranar da ta sauka lafiya aka samu namiji, ranar aka tafka ruwa kamar da bakin ƙwarya. Kwari ya cika ya batse, tudu ya zama tsibiri, rago na tsakiya yana kuka.

Shi Hafizu akwai abin da ya ƙudurta a ransa, wanda ko Zubaida bai gaya wa ba. So yake ya sa wa yaron sunan kansa, Hafizu Na Biyu, yadda ya ji manyan ƙasashen waje na yi, kuma shi zai bayyana sunan da bakinsa bayan ɗan jawabi. Wannan buri ya hana shi sukuni, don surukinsa Alhaji Saminu, dillalin shanu, tun ranar haihuwa yake zuwa kullum yana zama a zaure yana cewa shi har yau a jikokinsa ba a yi masa takwara ba.

Maƙwabta suka ce a kira masunta su haye da gora su ɗauko rago. Hafizu ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce zurfin ruwan nan ya kai tsayin mutum uku, shi ya auna da ido, kuma gora aikin jahiliyya ne. Ya sa tela ya ɗinka masa laima da buhunan taki, ya kwance igiyoyin guga na unguwa, ya ɓalle ƙyauren banɗakinsa ya ce allo ya samu.

Sai aka shiga binciken wurare. Kullum da hantsi zai zagaya tafki da baƙin tabarau, ya lashi yatsa ya ɗaga sama, ya girgiza kai. Gaɓar arewa, inda shanu ke shan ruwa, ya ce iskarta ta 'yan koyo ce, ba zai zubar da girmansa ba. Ta yamma, bayan makarantar firamare, ya ce iskarta ba ta da alƙawari. Ta kudu ya ce ƙurar masu bulo ta gurɓata ta. Gaɓar gabas kaɗai, gindin kuka, ya yarda ta kusa kamo ta tsibirinsu, sai dai iskar ba ta nuna ba tukuna. Haka mako ya ƙare, rago ya cinye ciyawar tudu ya koma ɓawon gawo.

Ranar suna da sassafe mutane suka cika ƙofar gida, goro ya iso, liman ya zauna, wanzami na wasa aska, babu rago. Hadari kuma ya haɗo daga gabas baƙi ƙirin. Hafizu ya fito cikin babbar riga sabuwa fil, ya dubi sama ya ce, "Alhamdu lillahi, ta nuna. Jama'a, ku biyo ni ku ga abin da jikokinku za su ba da labari."

Aka ɗunguma gindin kuka. Ya ɗaura igiya a ƙugu, ya hau ƙyaure a bakin ruwa, ya gyara hula. Ya buɗe baki ke nan zai yi bayanin yadda ake tsayuwa, iskar hadari ta cika buhunan taki. Ƙyaure ya tsaya inda yake. Alhaji Teku ne ya tafi. A kan cikinsa ya ratsa tafkin nan, ruwa na tashi hagu da dama, babbar riga ta buɗe kamar shanya, yana kiran sunayen Allah da bai san ya haddace ba. Gaskiya a faɗa, ya isa tsibiri, kuma da sauri. Laima ta maƙale a kan gawo, shi ya kife a gindin bishiyar.

Rago ya ga abin da bai taɓa gani ba ya faɗo masa daga sama, ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Ya faɗa ruwa, ya taho yana takawa tiɓis-tiɓis, ruwan ko wuyansa bai rufe ba, har ya fito gaban liman ya girgije jiki.

Can Alhaji Saminu ya kama ƙahon rago, ya ɗaga murya: "Hafizu, tako ka zo mana. Ruwan iya cinya ne."

Nan fa ake yin ta. Hafizu ya dubi ruwa, ya dubi taron. In ya tako da ƙafa, tsayin mutum uku ya tashi a tutar babu a gaban gari duka. In ya tsaya, suna na hannun suruki. Allah ya sani yana son sunan nan. Amma ya miƙe, ya matse gefen riga, ya ɗaga yatsa sama.

"Baba Alhaji, ƙa'idar wasan ba ta yarda a dawo da ƙafa ba. A jira iska ta juya."

Rabin maganar ma ba ta iso ba, don iskar can take turawa. Yayyafi ya fara sauka. Liman ya ce shi yana da wata jana'iza a gaba, ya tambayi wane suna uban yaro ya bari. Aka aika cikin gida, Zubaida ta ce ita ba a gaya mata komai ba. Alhaji Saminu ya yi gyaran murya, ya sunkuya kunnen liman cikin tawali'u. Jama'a suka juya gida da rago a gaba. Daga tsibiri Hafizu ya yi ta ɗaga hannu yana ihun "Na Biyu! Na Biyu!" wasu suka ɗaga masa hannu su ma, don ladabi.

Sai da ya tabbata babu kowa a gaɓa, sannan ya naɗe babbar riga ya ɗora a ka, ya tsunduma. Ruwan bai kai ko cinyar ba. Ya iso ƙofar gidansa yana ɗiga, taɓo har gwiwa, ya tarar an shafa fatiha, an yanka rago, maroƙi na ta shelar cewa an samu Saminu, Allah ya raya Saminu. Wani baƙo daga Mashi da ke rabon goro ya dube shi sama da ƙasa, ya miƙa masa guda ɗaya, ya ce, "Bawan Allah, karɓi ka matsa gefe, masu gida na da baƙi."