Rasuwar Lungun Gidanmu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni kafintan da ke gidan ƙarshe nake sanar da 'yan uwa da tsofaffin maƙwabta, duk inda aka watsa su, rasuwar lungunmu. Ya cika ranar Talata da hantsi, lokacin da magina suka ɗora bulo na ƙarshe.

Marigayin ya girmi duk wanda ya taɓa taka shi, kuma bai taɓa tambayar kowa ina za shi ba. Ta cikinsa aka shigo da amare, ta cikinsa aka fitar da mamata, ko sau ɗaya kafaɗar mai ɗauka ba ta gogi bango ba. Har yanzu ina jin muryarsa: ƙararrawar keken mai gyaran rediyo, da "A ba da hanya!" ta mai tura ruwa.

Ciwon ya fara ne da jan fenti a bangon wanzami. Muka ce ƙurji ne, zai wuce. Ina! Katafila ta zo ta lashe gida goma sha ɗaya cikin kwana uku. Sai katangar kantuna ta taso ta dama, ta wurin ajiye motoci ta taso ta hagu, marigayin yana ramewa muna kallo. Na je ofishin filaye sau bakwai. Aka buɗe taswira aka ce mini ai babu lungu a wurin. Ashe shekara sittin ina tafiya a kan abin da babu!

Ya bar tsaga ɗaya da mutum ke bi a karkace, da kabad biyu da na gama ƙerawa ba su da hanyar fita, da ni, da mahaifiyata Inna, wadda ta shekara huɗu ba ta sauka daga gado ba. Kullum tana tuna mini ta lungun nan aka kawo ta, ta nan kuma za a fitar da ita a kafaɗa. Na auna tsagar, na auna makara. Makarar ta fi ta faɗi da yatsa huɗu. Wallahi tsoro nake ji.

Babu jana'iza, don an riga an binne shi a tsaye. Za a karɓi gaisuwa kwana uku a shagona. A shigo ɗaya bayan ɗaya. Masu tumbi su yi addu'a daga titi, za ta iso. Don Allah a rage murya a tsakar gida. Inna ba ta sani ba tukuna.