Rasuwar Ɓauna, Wadda Aka Ji Kukanta Aka Yi Shiru

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani ɗaci da ya fi baƙin cikin yawa, nake sanar da 'yan uwa, maƙwabta da abokan aiki rasuwar motata, tsohuwar jif mai ja da ƙafa huɗu, wadda kuka fi sani da Ɓauna. Rai ya yi halinsa ranar Asabar da hantsi, a tsakiyar hawan nan da ke gaba da gidan mai, muna hanyar zuwa bikin yaye 'yata daga makarantar koyon aikin jinya. Ta cika ne iyalina duka suna cikinta, kuma ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan.

Ba wanda ya san iyakar tafiyar da marigayiyar ta yi a duniya, domin agogon da ke ƙirga mata kilomita ya gaji ya ajiye aiki tun autana yana rarrafe, ita kuwa ta ci gaba abinta. Ba ta taɓa tambayar ina za a je ba. Taɓo, yashi, hanyar da ruwa ya cinye, duk ɗaya ne a wurinta. Ta jawo motocin da suka fi ta ƙyalli daga cikin laka, masu su na kallon gefe don kunya. Duk tashin da ƙanina ya yi daga gidan haya, ita ta kwashe masa kaya, ko godiya bai taɓa yi mata ba. Ba zan ce ba ta da aibu ba. Tana shan mai kamar ba gobe, na'urar sanyinta ta riga ta rasuwa da daɗewa, ƙofar baya kuma sai an sa mata kafaɗa. Amma wa ya tsufa bai kwaso hali ba?

Ciwon ajalinta ya fara ne bara. Da farko wani siririn kuka ne daga ƙarƙashinta, wuuuu, ƙasa-ƙasa, yana tashi in na taka totur a kan hawa, yana ɗaukewa in na ɗaga ƙafa. Daga baya ta ƙara da ƙwas, duk lokacin da na cire ta daga ribas. Shekarun da muka yi tare sun sa na san kowace ƙara tata, kuma na san wannan ba nata ba ne.

Na kai ta wurin bakanikenta. A nan ta fara ba ni kunya. Muka zaga gari ni da shi, tana tafiya sumul kamar yau aka fito da ita daga kamfani. Ya ɗora ta a kan jak, ya sa giya, ƙafafunta na juyawa a iska, ya kafa dogon sukundireba a cikinta ya ɗora kunne a kan mariƙin, yana bin ta gaɓa-gaɓa. Shiru. Ya canja kuros ɗin farfela, wato gaɓar sandar da ke kai ƙarfin inji ga ƙafafu, ya ɗaure salansa, ya sauya wa tayoyi wuri. Da mun fito da yara ranar hutu, sai wuuuu. Da na mayar da ita gareji, sai ta yi lakwas. Na riƙe ta a zuciya, ba zan ɓoye ba, domin ta mai da ni mai ƙarya a gaban mutumin da ke ganin girmana.

Ƙarshe bakanike ya ba ni shawara mai hankali. Ya ce tunda sai da iyali take yi, in tambayi masu zama a baya, su ne ke kan abin, su faɗa mini ko daga gaba kukan yake fitowa ko daga baya. Na tambaya, a kan hawa, tana tsakar kukan.

Maman yara ta juyo ta dube ni da tausayi. "Wane kuka kuma, Baban yara? Ni dai ban ji komai ba."

Babban ɗana ya girgiza kai. Auta ya girgiza nasa. 'Yata mai karatun jinya ta dafa ni, ta ce a shekaruna haka kunne kan yi, ya riƙa kuka shi kaɗai. Ita da kanta ta kai ni wurin likitan kunne, inda aka toshe mini kunnuwa da na'ura, ina ɗaga yatsa kamar ɗan aji ɗaya duk lokacin da na ji tiit. Aka ba ni maganin ɗigawa, aka ce in rage tunani. Kuma na yarda. Mutum huɗu da na ciyar sun ce babu, ni wane ne da zan ce akwai? Daga ranar, in Ɓauna ta yi kuka sai in ƙara muryar rediyo, in mun isa gida in ɗiga magani.

Ranar Asabar wuuuu ɗin ya koma ƙarrrr, ƙarrrr ya koma ƙas-ƙas-ƙas, sai wani dum daga baya, sai ƙaurin ƙarfe. Ba ta ƙara motsi ba. Muka fito muka tsaya a gefen titi cikin kayanmu na biki. A nan ne Maman yara, tana fifita da katin gayyata, bakinta ya suɓuce.

"Ni mamaki ma nake da ta kawo yau. Ai tun bara take wannan kukan."

Babba ya sunkuyar da kai yana nazarin takalminsa. Da na tsare su da tambaya, ashe taro suka yi a kicin. Wai wancan karon da na ce na ji ƙara, na kwance giyar motar na baje ta a kan teburin cin abinci har hutun makaranta ya ƙare. Wai sun gaji da turi, sun gaji da gumi, suna son ƙaramar mota mai sanyi irin ta maƙwabta. Sai suka yanke cewa duk wanda na tambaya ya ce bai ji ba, a bar tsohuwar ta mutu da kanta. Suka tari tasi suka wuce biki. Ni na zauna da gawa har motar da za ta ja ta ta iso, kuma ban ga 'yata ta karɓi takardarta ba.

Da bakanike ya buɗe tukunyar aksil ɗin baya, inda giyar da ke juya ƙafafun baya take, ya tarar babu ɗigon mai a ciki. Wata 'yar roba ce ta tsage, man ya riƙa tsiyaya a hankali, haƙoran giya suka niƙe juna har suka zama gari. Ya ce irin wannan ciwon sai an ɗora mata nauyi yake magana, shi ya sa take shiru a kan jak, take shiru da mu biyu. Ya ce da an faɗa masa daga baya ne, da aikin wuni guda ya ishe ta. Ashe ba ta taɓa ƙaryata ni ba. Ta kai kukanta wurin waɗanda take ɗauke da su ne, su kuwa suka dubi idona suka ce babu. Na janye duk abin da na riƙe ta da shi.

Marigayiyar ta bar tayoyi huɗu da babu biyun da suka yi kama, da safaya marar iska, da tabon baƙin mai a ƙofar gida, da rabin kwalbar maganin kunne, da ni. Ta kuma bar iyali masu lafiyayyun kunnuwa.

Gawar tana garejin bakanike ga mai son ganin ƙarshe. Za a raba sassanta masu sauran amfani ga tsofaffin jif-jif 'yan uwanta, sannan mai sayen ƙarafa zai zo ya ɗauki saura ranar Laraba da safe. Zan karɓi gaisuwa a ƙofar gida, a kan benci, kusa da tabon man, kuma ina roƙon kada a wanke shi. Ba a ware wa mutanen gidana wurin zama ba.

Masu zuwa ta'aziyya su taimaka kada su tayar da zancen sabuwar mota. Tun jiya Maman yara take ta maimaita shi a gefen kunnena, da hotuna a waya, har tana ɗaga murya. Na dube ta da tausayi, na ce, "Wace magana kuma, Maman yara? Ni dai ban ji komai ba."