Bahagon Injin Alhaji Sada

Wani ne a Daura, kafinta, a shekarun nan da kuɗin man fetur suka shigo ƙasa har mai tallan goro ya fara neman kwangila. Benci da akwatin aure su ne iyakar saninsa, amma bakinsa ya fi hannunsa aiki. Ya taɓa yin wata uku a Kano yana sharar wani kamfanin katako. Tun daga nan, in ana hira sai ya ce ai shi babu injin da bai sani ba, Turanci kuwa har mafarki yake da shi.

To, akwai Alhaji Sada, tsohon dillalin shanu da ya koma ɗan kwangila. Arziki ya zo masa, dangi suka biyo bayan arzikin. Daga Zango, daga Ɓaure, daga Mai'aduwa, wanda ya zo gaisuwar kwana biyu sai ya aika a kawo masa tabarmarsa da akuyarsa. Abin har ya kai in Alhaji zai shiga gidansa sai ya yi sallama ya tsaya, wani ƙato ya leƙo ya ce, "Wa ake nema?"

Alhaji ya gina sabon zaure, ya kuma sayo injin sassaƙa mai ƙwaƙwalwa daga Jamus. Wata doguwar takarda ce mai huji-huji kamar rawani ake saƙala masa, ya karanta, bakinsa ya bi kan katako yana zana abin da aka rubuta. Da Baturen da ya zo kafa shi ya tambayi wanda zai riƙa tuƙa shi, kafin a rufe baki mutumin naku ya miƙe. Kwana uku Bature na bayani, shi yana "Yes sa." Ko kalma ɗaya ba ta shiga ba. Bature ya bar musu takardar huji mai sunan Alhaji da littafin inji, ya kama hanyar Kano.

Alhaji ya saya wa kafinta sabon babur, sannan ya nuna masa ƙyaure uku na madaci da aka kawo daga kurmi.

Ya ce, "Ɗaya nake so, biyun na ko-ta-kwana ne. Sunana a tsakiya, ya shiga sosai yadda jikokina za su tarar da shi. Ran Juma'a bayan an sauko masallaci za a kafa. In ka lalata duka ukun, ka ajiye mini makullin babur."

"Haba ranka ya daɗe, ai biyun nan ma ka sa a mayar."

Babur ɗin nan kuwa ya shiga ransa. Ranar da aka ba shi, sau huɗu ya zaga ta bakin rijiyar Kusugu yana danna ham, yana gaida mutanen da bai taɓa yi wa magana ba. Da a karɓe shi, gara a ce ya ba da yatsa.

Ran Talata ya ɗora ƙyauren farko, ya tayar da janareta, ya danna. Inji ya kama aiki tiryan-tiryan. Yana gama ALHAJI sai janareta ya yi tari ya mutu. Kafinta ya ja igiya ya sake tayarwa, ya sake dannawa. Inji ya ɗan yi jim, ya zame hagu, ya je ya ɗora SADA a kan ALHAJI. Abin ya fito kamar inda kaji suka yi tono.

Da ya koma gida cin abincin rana, matarsa Maijidda ta ga ko miya bai taɓa ba.

"Malam, lafiya?"

"Injin nan ne. Ana cikin tafiya lafiya lau, sai ya ja hagu."

"To bahago ne mana. Ƙanena Jafaru haka ya taso, da hagu yake kai loma. Inna ta ɗaure masa hannun da tsumma, in ya motsa shi ta ƙwala masa ludayi."

"Ya daina?"

"Yau da dama yake yanka ragon layya."

Ya dube ta ya ce, "Wallahi Baturen nan kwana uku yana surutu bai faɗi abin da ya kai wannan ba."

Ran Laraba ya zo da igiyar guga da muciya. Ya ɗora ƙyaure na biyu, ya ɗaure kan inji tamau ya kai igiyar jikin ginshiƙin dama, ya danna. Inji ya ja, igiya ta ja. Inji ya kama gurnani, shi kuma ya hau shi da muciya. Maƙwabta suna jiyo shi yana, "Dama na ce! Dama, ɗan nema!" Can igiya ta tsinke. Bakin inji ya kwasa a guje tun daga wannan kusurwa har waccan, ya bar kwari a jikin madaci kamar an ja garma.

Saura ƙyaure ɗaya. Ya fita ya tsaya yana kallon babur, ya ciro bakin rigarsa ya goge masa madubi. Tausayin kansa ya kama shi.

Ran Alhamis ya tuna da littafin Bature, wanda ya tokare ƙafar benci da shi. Ya zaro, ya karkaɗe, ya je ya ɗauko Malam Sama'ila, hedimastan firamare, a bayan babur. Malam ya gyara tabarau, ya yi ta buɗe shafi.

"Yauwa, ga shi. In wuta ta ɗauke, inji yakan manta inda yake. Dole a mayar da shi gida kafin a ci gaba da aiki."

Kafinta ya zauna a ƙasa daɓas. "Gida? Jamus? Malam, gobe fa Juma'a! Ko Kazaure ba zai kai ba!"

Sai da Malam ya yi dariya har ya cire tabarau, sannan ya danna wani koren maɓalli. Kan inji ya rarrafa a hankali zuwa kusurwar tebur, ya yi ƙit, ya tsaya.

"Nan ne gidansa. Daga nan yake auna duk inda za shi. In ya fara daga nan, ba ya ɓata."

"Wannan ɗan lungun? Ashe shi ma a raɓe yake, kamar baƙin Alhaji."

Malam ya nuna masa wani ɗan makunni a gefe. "Wannan kuma kada ka taɓa shi. Juya aiki yake yi, hagu ta koma dama."

"Me ka ce yana yi?"

"Hagu ta koma dama. Na ce kada ka taɓa."

"Na ji, Malam. Allah ya ƙara ilimi."

Ran Juma'a da hantsi ya ɗora ƙyaure na ƙarshe. Ya cika janareta da mai. Ya danna kore, inji ya koma gida, har ya yi masa sannu da zuwa. Sannan ya tsaya yana kallon ɗan makunnin nan.

Ya ce a ransa, "Malam ya san boko, amma bai san bahago ba. Ga maganin da nake nema tun shekaranjiya a gabana, a ce kada in taɓa?"

Ya murɗa shi. Ya kuma tuna Alhaji ya ce suna ya shiga sosai, sai ya sassauto bakin inji ƙasa har iyakar inda ya tsaya. Ya yi bisimilla ya danna.

Kai, ranar inji ya yi aiki! Daga dama ya fara, bai karkace ko'ina ba. Shi kafinta ba ya karatun boko, layi dai ya gani a miƙe a tsakiyar ƙyaure, sai ya buga tsalle. Ya lulluɓe ƙyauren da zanen Maijidda, aka ɗora a amalanke.

Bayan an sauko masallaci jama'a suka taru a ƙofar sabon zaure. Aka kafa ƙyaure, aka rufe, Alhaji ya yaye zane da hannunsa. Suna kam ya shiga, don har ya fita ta baya, kana iya zura yatsu. Kowane harafi kuma ya juya wa ɗan'uwansa ƙeya.

Alhaji bai yi nisa a ajin yaƙi da jahilci ba, amma sunansa ya san shi, da shi yake sa hannu a kwangila. Ya duba, ya sake dubawa, ya juya.

"Malam Sama'ila, me aka rubuta nan?"

Malam ya yi gyaran murya. "Adas... Ijahla."

Wani tsoho daga baya ya ce, "Wace ce jahila?"

Dariya ta ɓarke. Alhaji ya miƙa wa kafinta tafin hannu. Kafinta ya sa hannu aljihu, ya ciro makullin babur, idonsa ya kawo ruwa.

Sai ga murya daga cikin zaure. Ɗaya daga cikin baƙin nan ne, wanda ya zo gaisuwa tun bara, yana kwance kan tabarma, rana ta ratso ta hujin rubutun ta tashe shi. Ta cikin kuwa suna daidai yake.

"Al-ha-ji... Sa-da." Ya yi hamma. "Shi kuma wane ne?"

Kafinta ya mayar da makulli aljihu.

"Ka ji ko, ranka ya daɗe? Na waje kowa ya san gidanka ne. Na ciki na yi wa."