Aron Cibiya a Kurmin Ɓaure

A Kurmin Ɓaure kowa ya san matsayinsa. Zaki ke sarauta, Dila ne waziri, Kunkuru ne alƙali, sauran dabbobi kuwa aikinsu tafi da faɗin ranka ya daɗe. Kura ce ke riƙe da sarautar wasanni. An naɗa ta ne a shekarar da aka kama ta ta cinye guzurin 'yan wasa, domin a ganin fada, wanda ya san ƙofar da ɓarawo ke bi shi ya fi dacewa da gadi.

Wasan da ya haɗa kan kurmin shi ne wasan duma. Ana tsayawa sha uku-sha uku, ɗaya ya rungumi duma ya ruga da shi zuwa bayan layin abokan karawa, su kuwa su yi ta ƙoƙarin maka shi da ƙasa. Duk kaka ana karawa da Fadamar Giginya, kuma duk dajin da aka cinye, sarkinsa ba ya iya ɗaga kai a taron sarakuna sai wata shekara.

Doka ɗaya ce ke tsare da wasan, kuma kakanni suka bar ta: ba mai buga wa daji sai wanda aka binne cibiyarsa a ƙasar dajin. Idan aka haifi ɗa, ungozoma takan sa cibiyar a ƙoƙon katantanwa, ta binne a gindin wata bishiya, ta ɗora dutse. Kafin kowace karawa wakilan ɗaya dajin sukan zo su tone su sansana. Hanci yana gane shekarar da aka yanke cibiya, amma ba ya gane mai ita. Wannan kam sai rantsuwar ungozoma, kuma cibiya ɗaya ba ta zama ta mutum biyu.

Jatau gyado ne, wato mugun dawa, gajere mai kaurin wuya. Shekara bakwai yana tsaye a sahun gaba, wurin da ake shan duka ba a shan kirari. Haurensa na hagu a filin wasa ya bar rabinsa, kunnensa ɗaya a tsage. Bai taɓa tunanin cibiyarsa ba, kamar yadda mai lafiya ba ya tuna yana da haƙori. Ya dai san tana gindin wata kanya a bakin rafi, inda Iya Tasalla, tsohuwar beguwa, ta binne ta a daminar babbar ambaliya.

Shekara uku a jere Fadama na lallasa su. A ta ukun Zaki ya dawo daga taron sarakuna kai a sunkuye, sai kwana biyu bayan haka aka ga Ungulu tana shawagi a kan fada. Ungulu kuwa ba ta jewar banza. Ita ce dillaliyar 'yan wasa, kuma a wannan karon ta zo da wani bajimin ɓauna daga tsallaken kogi, sunansa Gagarau. Dazuzzuka huɗu ya buga wa, kuma a kowane ya rantse cewa can ne mahaifarsa.

Da hantsi aka kira majalisa a gindin ɓaure. Jatau ya zo da murnarsa, yana ganin an samo masa abokin raba duka. Har ma shi ya matsa wa baƙon ya zauna a inuwa.

Dila ya miƙe ya gyara murya. "Allah ya ja zamanin Manyan Dawa. Jama'ar Kurmin Ɓaure, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mun sha kunya har ta ishe mu. Ga gwarzo Allah ya kawo mana har gida, abu ɗaya ya rage, ƙanƙanin abu wanda bai kai ƙwallon goruba ba. Gagarau ɗan daminar ambaliya ne. Mun bincika, a duk ƙasar nan cibiya ɗaya ce ta wannan daminar. Abin da muke roƙo ba kyauta ba ne, aro ne, kuma wa zai hana ƙasarsa aro?"

Sai da idanu suka juyo kansa sannan Jatau ya gane da shi ake. Ya fito ya durƙusa a gwiwoyinsa na gaba, yadda jinsinsu ke yi.

"Ranka ya daɗe, ni ban iya magana ba. Amma in an ba shi tawa, ni kuma da wacce zan buga?"

"Ai kai ka buga naka, Jatau," in ji Kura tana sakuce haƙori. "Shekara bakwai, me ka kawo mana in ban da rabin haure?"

Aka yi dariya. Abin takaici, har da waɗanda Jatau ya sha tare musu ƙaho da ƙirjinsa. Kowannensu yana dariya yana lissafin shekarar haihuwarsa a zuci, yana gode wa Allah da bai zo duniya da ambaliya ba.

Kunkuru ya zuro wuya a hankali, ya ce shari'a ba ta san aro ba, shari'a shaida ta sani. A kira ungozoma. Nan Jatau ya sami sa'ida. Iya Tasalla ce ta yanke masa cibi, ita ta goya shi lokacin da ruwa ya tafi da mahaifiyarsa, har gobe ɗana take ce masa.

Ta shigo tana dogara sanda, da sabon mayafi a kanta. Jatau bai taɓa ganin mayafin ba.

"Iya," in ji Dila, "cibiyar da ke gindin kanya, ta wa ce?"

Tsohuwar ta dubi ƙasa. "To, Waziri, shekarun da yawa. Ruwa ne ko'ina a lokacin, haihuwa ta ko'ina. Akwai wata ɓauna da ta ratso ta haihu ta wuce. Ina jin tata ce."

"Iya!" in ji Jatau. "Ni ne fa."

"Ka yi haƙuri, ɗana, ido ya tafi." Ta ja mayafin ta rufe fuska. Idon da ya tafi dai bai hana ta zaɓo mayafi mai kyau ba.

Kunkuru ya yanke hukunci cikin natsuwa. Tunda cibiyar ta Gagarau ce, to Gagarau ɗan ƙasa ne tun fil azal, ba a karya doka ba ko kaɗan. Tunda kuma ba a san inda ta Jatau take ba, to Jatau baƙo ne. Dila ya ƙara da cewa Kurmin Ɓaure bai taɓa wulaƙanta baƙo ba, don haka an yardar masa ya ci gaba da zama a raminsa muddin yana da ladabi. Aka yi tafi saboda wannan karamci.

Ranar karawa Jatau ya tsaya a bayan shingen ƙaya tare da fatake da 'yan ci-rani. Wakilan Fadama sun zo sun tone sun sansana, sun ce daidai ne, ba su ko tsawaita ba, don su ma akwai wata karkanda a sahunsu da ba a so a yi yawan tambaya a kanta. Gagarau ya tattake fili, Kurmin Ɓaure ya ci. Jatau ya ji maroƙa na kirari, "Ɗan gindin kanya! Ɗan Iya Tasalla!" Ya tofar da yawu ya koma raminsa.

Kayan aro dai ba ya rufe katara. Kafin damina ta faɗi, aka wayi gari babu Gagarau. Ungulu ta kai shi wani daji na shida, inda aka ce ya fashe da kuka da ganin bishiyar da aka haife shi a ƙarƙashinta.

Jatau ya ji zuciyarsa ta yi sanyi. Ya yi wanka a taɓo, ya tafi majalisa tun kafin a kira.

"Ranka ya daɗe, mai aro ya tafi. Na zo a mayar mini da abina."

Dila ya dube shi da tausayi, irin tausayin da mahauci ke wa rago. "Malam Jatau, wane aro? Alƙali ya yanke, ungozoma ta rantse. In muka ce taka ce, mun ce Sarki ya ci wasa da ƙarya ke nan, Fadama ta zo ta karɓe nasararmu. Haka kake so wa ƙasar da ta ba ka masauki?"

Sannan ya juya ga jama'a ya ɗaga murya. "Gagarau ɗanmu ne, kuma ya ci amanarmu. Ƙasa mai tsarki ba za ta riƙe cibiyar maci amana ba. A tone ta a jefa a kogi, kowa ya gani, ya zama darasi ga 'yan baya!"

Kurmi ya ɗauki sowa. Zaki ya gyaɗa kai, ya yi maganarsa ta farko a duk al'amarin. "Wa ya iya tono?"

"Ai ga gyado nan," in ji Kura. "Baƙo ma ya samu abin da zai nuna biyayya da shi."

Aka ɗunguma zuwa gindin kanya da ganguna. Jatau ya durƙusa, ya ture dutsen, ya sa guntun haurensa a ƙasa. Bai taɓa jin ƙyamar wani aiki kamar wannan ba, kuma ba ƙasar yake ƙyama ba. Ƙoƙon katantanwar ya fito, ɗan mitsitsi, ya yi fari fat. A cikinsa ga wani busasshen abu kamar tsinken kuka. Shi ke nan abin da ya rage tsakaninsa da mahaifiyarsa.

Ya ɗauka a baki ya nufi kogi, jama'a na biye suna tsine wa Gagarau. Da ya shiga ruwa har ƙirji, sai ya ga ba mai iya tsayar da shi. Tsallaken ba nisa. Zai iya haurewa da abinsa, ya sami wani lungu inda ba fada ba fili, ya binne cibiyar, ya kwanta kusa da ita.

Sai ya ji iskar fiffike a kansa. Ungulu ce ta sauko daf da kunnensa mai tsaga.

"Kada ka yar, ɗan'uwa, haura kawai. Ka san me ke bakinka kuwa? Ɗan wasa mai yawo da cibiyarsa! Ba aro, ba ungozoma, duk inda ka binne kai ɗan ƙasa ne. Ka buga kaka ɗaya, mu tone, mu ƙara gaba. Duk inda ka sa ta ina ganinka daga sama, sarakuna uku za su iso ka kafin ka rufe ramin."

Jatau ya tsaya cak, ruwa na dukan wuyansa. Ya waiwayi gaɓar da ya baro, inda Iya Tasalla ke tafi a sahun gaba. Ya dubi ɗaya gaɓar, inda inuwar Ungulu ta riga shi isa.

Ya buɗe baki.

Ƙoƙon ya juya sau biyu a kan ruwa ya nitse. Daga bakin gaɓa guɗa ta tashi, ganguna suka ɓarke, Dila kuwa ya sanar da cewa saboda wannan biyayya, Sarki ya ƙara wa baƙon izinin zama na shekara guda.