Janar Mwaipopo, Gaggafar Tandika

Idan ana lissafin mazajen da Allah ya albarkaci unguwarmu ta Tandika da su, to a fara da Bwana, wato Malam, Fulgensi Mwaipopo, a tsaya a sha ruwa, sannan a ci gaba da sauran. Janar ne. Ba gwamnati ce ta ba shi muƙamin ba, don gwamnati ba ta cika gane masu baiwa da wuri ba. Shi ya duba cancantarsa, ya ga ta kai har ta yi yawa, ya naɗa kansa.

Da rana yana yanka tikiti a ofishin bas ɗin Mtwara, aikin da shi yake kira kula da zirga-zirgar al'umma. Da la'asar kuwa sai ya sa rigar fata da baƙin tabarau, cikin zafin nan na Darussalam da ke narka kwalta, ya nufo ɗakin gem, wato wasan kwamfuta, na wata mata da ake kira Bi Zuwena, yana tafiya kamar ƙasa ta ci bashinsa. Bai taɓa hawa jirgin sama ba, amma ya taɓa raka ɗan baffansa filin jirgi, har ya sha shayi a can. Tun daga ranar, idan jirgi ya wuce ta saman unguwa sai ya ɗaga kai, ya saurara, ya girgiza kai ya ce direban sabon hannu ne.

Wasan da muke bugawa na yaƙin sama ne, mu huɗu a ɓangare guda, kowa da allonsa. Ni da Shabani direban bajaji, wato a-daidaita-sahu, da Lameki wanzami muna tuƙa ƙananan jirage masu sauri. Na huɗun shi ne babban jirgi mai inji huɗu, mai nauyi kamar tirelar siminti, wanda aikinsa guda ne tak: ya ɗauki bama-bamai, ya lallaɓa har sansanin abokan gaba, ya zuba musu. Ana cin wasa ne idan an rushe sansanin, ko kuma an kakkaɓe jiragen ɗaya ɓangaren gaba ɗaya. Wannan babban jirgi na Janar ne, kuma wanda ya taɓa shi ya taɓa tsuliyar dodo.

Akwai kujera. Duk ɗakin Bi Zuwena a kan akwatunan lemo ake zama, ban da kujera guda da aka ciro daga wani tsohon bas, mai soso da wurin ɗora hannu, an kafa ta daidai ƙarƙashin fanka ɗaya tilo da ke aiki. Al'adar ɗakin ita ce kujerar ta wanda ƙungiya ba za ta iya yi ba sai da shi ce. Janar ya zauna a kanta tun ranar da ya bayyana mana cewa shi ne wannan mutumin, mu kuma muka rasa bakin musu, saboda yana da hujja. Ba a taɓa harbo shi ba. Ko sau ɗaya.

"Ku yara," yakan ce, alhali Lameki ya girme shi, "kuna ta zillo kamar ƙudaje. Babban jirgi ba a tuƙa shi da yatsu, da ƙwaƙwalwa ake tuƙa shi. Sirrinsa uku ne: haƙuri, tsawo, da kuma wani abu da ko na faɗa ba za ku gane ba."

Tsawon kam mun shaida. Da an ce a tashi, sai Janar ya juya hancin jirginsa can gefen taswira inda ko tsuntsu ba ya bi, ya kama hawa. Ya hau, ya hau, ya wuce gajimare, ya wuce inda gajimare ke tsoron zuwa. Mu muna ƙasa ana ta yi mana ruwan wuta, shi allonsa shuɗi fes, ba abin da ke motsi sai farfela. A nan yake cin soyayyen rogonsa da yaji, ya sha ruwan rake, wani lokaci har ya amsa waya. Idan muka ci wasan, yana sama. Idan aka kashe mu duka, yana sama yana shawagi har lokaci ya cika. Ko ta yaya aka tashi, shi dai jirginsa ko ƙwarzane babu, sai ya miƙe ya gyara wuyan riga ya ce, "Kun gani? Saura ƙiris na isa. Gaggawarku ce ta ɓata tsarin."

Abin da ya fi ba kowa mamaki shi ne saurin hawansa. Babban jirgi na kowa da nishi yake ɗagawa, don kaya sun yi masa yawa. Na Janar kuwa kamar an cilla shi da danƙo. In aka tambaye shi sai ya duba tafin hannunsa ya ce hannu ne. Kuma kafin kowane wasa, lokacin da kowa ke buɗe shafin da ake zaɓar kayan da za a loda wa jirgi, shi sai ya cire rigar fatar ya lulluɓe kansa da allon gaba ɗaya, kamar mai ɗaukar hoto na zamanin da. Sirrin soja, in ji shi. Mukan ji shi a ciki yana gurnani, sannan ya fito jiƙe da zufa.

Inda ba ƙasa nan ake gardamar kokawa. Shabani ne ya kawo ƙasar. Shi dama bakinsa ba birki, kamar bajajinsa, kuma ya daɗe yana yi wa kujerar nan kallon da kura ke yi wa akuya. Ranar da 'yan unguwar Buguruni suka aiko cewa suna son karawa da mu ranar Lahadi, ya jira Janar ya gama jawabinsa kan dabarun yaƙi, sannan ya yi hamma ya ce, "Ni dai Janar, ka yafe ni, tunda uwata ta haife ni ban taɓa ganin bam ɗinka ya faɗo ba. Lameki, kai ka taɓa gani?"

Lameki ya ce shi idonsa ba ya gani da nisa.

Janar ya cire tabarau a hankali. Ya miƙe, ya ɗora hannu a kan kujerar, ya kira Bi Zuwena ta zama shaida.

"A rubuta a tarihi," ya ce. "Ranar Lahadi, in bama-bamaina ba su mayar da sansanin Buguruni filin ƙwallo ba, ni Fulgensi ɗan Mwaipopo na bar kujerar nan har abada. Amma ina gargaɗi: masu ciwon zuciya kada su zo."

Bi Zuwena, wadda ba ta cika magana ba sai in ta kama, ta ce ta ji, kuma ita ba ta mantuwa.

A ranar, bayan ya tafi, muka ƙulla abin da muka ƙulla. Ba mugunta ba ce, biyayya ce tsantsa. Tunda kullum kukansa gaggawarmu ce ke hana shi isa, muka yanke shawarar wannan karon ba za mu yi gaggawa ba. Za mu raka shi har ƙofar gida, mu tsaya mu sha kallo.

Lahadi ta zo. Janar bai zo shi kaɗai ba. Ya gayyato duk 'yan kamashon tasharsu, masu murya kamar lasifika, ya gayyato mai kofi, wato mai sayar da gahawa, da abokan hirarsa, har da wani da ya yi alkawarin ɗaukar bidiyo da waya. Ɗaki ya cika har taga. Suka yi dafifi a bayan kujerarsa, wasu haɓarsu a kafaɗarsa. Ya yi musu jawabi mai tsawo kan yadda jarumi ke kaɗaici a sararin samaniya, har wani ya ce amin.

Da lokacin zaɓar kaya ya yi, ya kai hannu zai cire riga. Bi Zuwena ta ce a'a. "Bwana Janar, mutane sun baro aikinsu sun zo kallo. Yau ba lulluɓi."

Janar ya dubi allon, ya waiga ya dubi idanun da ke bayansa, ya sake duban allon. Sai ya yi wata dariya mai sanyi, ya tsallake shafin kayan ko buɗe shi bai yi ba, ya danna tashi.

"Gwani ba ya duba kayansa sau biyu," ya ce. 'Yan kamasho suka tafa.

Aka fara. Janar ya kama hanyarsa ta gefen taswira, ya cilla sama yadda ya saba, baƙi suna ta salati da kiran sunan Yesu gwargwadon addinin kowa. Mu kuwa muka shiga 'yan Buguruni. Shabani ya kakkaɓo babban jirginsu, Lameki ya sauke ɗaya, ni na sauke ɗaya. Saura ƙaramin jirgi guda. Da a ce ranar yau da kullum ce, da tuni an tashi ana tafi. Sai muka sa shi a tsakiya muna juya shi kamar kyanwa da ɓera, mu harba gefe, mu ba shi hanya, mu sake tare shi.

Janar ya leƙo allona ta gefen tabarau. "Kai, ku gama da shi mana."

"Haba Janar," na ce, "mu ci wasa kafin ka isa? Allah ya kiyaye."

Can ya sake cewa, murya ta ɗan sirance, "Shabani, ga shi a gabanka! Umarni nake ba ka!"

"Hannuna ke rawa, ranka ya daɗe," in ji Shabani. "Kai dai ci gaba. Yau ranarka ce."

Rana ba ta ƙarya. Sansanin Buguruni ya bayyana a ƙarƙashin jirginsa, ƙarami kamar akwatin ashana, karo na farko da Janar da sansani suka yi ido huɗu. Mai bidiyo ya matso da waya. Zufa na ɗiga daga haɓar Janar zuwa rigar fata. Ya yi gyaran murya, ya fara bayani kan yanayin iska, da yadda gwanaye kan zagaya sau ɗaya kafin su saki. Wani ɗan kamasho, wanda haƙurinsa ya ƙare, ya ce, "Saki, oga!" Sauran suka ɗauka baki ɗaya: saki, saki, saki.

Ya danna. Ƙofofin cikin jirgi suka buɗe a hankali, da ƙara mai ban tsoro. Muka zuba ido.

Ba abin da ya faɗo. Ko tsakuwa. A ƙasan allo wani jan rubutu ya fito yana ƙyaftawa, yana sanar da duk mai ido cewa jirgin nan ba bam a cikinsa.

A nan ne sirri na uku ya fito fili, wanda ya ce ko ya faɗa ba za mu gane ba, ashe kuwa mun gane shi sarai. Duk lulluɓin nan da yake yi, tabbatarwa yake cewa ba bam ko ɗaya a jirgin, don ya yi sauƙi ya tsere sama. Gem kuma ba ya mantuwa, yadda ka bar jirginka jiya haka za ka same shi yau. Da ya buɗe shafin a gaban baƙinsa ya loda, da kowa ya ga cikin wayam. Sai ya gwammace ya tashi haka nan, ya dogara da mu mu ci wasan da wuri yadda muka saba, ya dawo yana zaginmu. Holoƙo hadarin kaka. Wallahi har na ɗan ji tausayinsa, amma dariya ta fi ƙarfin tausayin.

Wani ɗan kamasho ya kama ƙofar ɗaki ya leƙa waje kamar kwandasta, ya buɗe murya: "Buguruni, Buguruni! Mota ta iso, ba fasinja, ba kaya!" Mai kofi ya ƙware. Lameki ya zamo daga kan akwati.

Amma janar janar ne. Ya ɗaga hannu ya nemi shiru.

"Jahilci cuta ne," ya ce. "Wannan shi ake kira leƙen asiri. Na ga abin da nake son gani. Yanzu zan koma gida in ɗauko kaya na musamman, ku ga aiki."

Ya juya jirgi ya nufi filinmu. Mu kuma muka ci gaba da riƙe masa ɗan Buguruni, don biyayya ba ta rabi. Sai dai akwai abin da ba wanda ya tuna, har shi kansa. Mutumin da kullum wasa ke ƙarewa yana sama bai taɓa sauka ba. Ya gangaro da gudu kamar bas ɗin da birkinsa ya tsinke a kan tudu. Bi Zuwena daga bayan tebur ta ce, "Tayoyi fa, Bwana?" Ya ce kada farar hula su sa baki a harkar soja. Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Jirgi ya dira da ciki a kan titinmu, ya ja, ya juya, ya tashi da wuta. Fashewar da aka yi wa mutane alkawari sun gan ta, a gidanmu.

Shabani ya danna yatsa sau ɗaya ya sauke ɗan Buguruni, muka ci wasa. Sannan ya miƙe, ya zo ya tsaya a gefen kujera, ya sara wa Janar irin ta soja, yana jira.

Yanzu Janar yana zama a kan akwatin da ke bakin ƙofa, inda rana ke shigowa, kuma bai cire rigar fatar ba. Duk sabon da ya shigo sai ya tare shi ya sanar da shi, cikin muryar manya, cewa yana magana ne da mutumin da abokan gaba ba su taɓa harbowa ba.

Kuma gaskiya yake faɗa. Ba su samu dama ba, ya riga su.