Rasuwar Kyaftin Mai Dogon Bututu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wata magana da nake ɓoye da ita yau kwana tara, ni uwar Dogo nake sanar da 'yan uwa, da maƙwabta, da masu leƙe ta taga, rasuwar babbar motar gidanmu, wadda duk layin nan ya sani da suna Kyaftin. Ta cika ranar Talata da hantsi a ƙofar gida, da lodin bulo a bayanta, a bakin aiki kamar yadda ta rayu. Na so in ce Allah ya jiƙanta, liman ya ce ba a yi wa ƙarfe wannan addu'a. To, ban faɗa ba. Amma shi ma ya san abin da ke raina.

Tun ranar da ta mutu, mako shida ke nan, ɗana Dogo wanda yake tuƙa ta bai ƙara amsa sallamar mijin ƙanwarsa ba. Surukin nawa bakanike ne, Dogo kuma ya ce shi ya kashe ta. 'Yata Auta ta ɗauke ƙafa daga gidan nan, don ba ta son ta zaɓa tsakanin miji da yaya. Saboda su biyun na ɗauki biro. Amma a sanarwa sai an fara da halin mamaci, ku yi mini haƙuri.

Marigayiya tsohuwar motar soja ce. Maigidana, Allah ya jiƙansa, shi ya sayo ta a gwanjon da sojoji suka yi na motocin da suka gaji, shekara ashirin da huɗu da suka wuce. Ainihin shekarunta babu wanda ya sani, ba ta zo da takardar haihuwa ba. Launinta kore ne, tayoyinta shida, kowacce ta kai mini ƙirji. Hawanta sai namiji ya yi bismilla, mace kuma sai an kawo mata kujera. Da safe idan aka murɗa makulli sai ta ce gur, gur, gur, ta yi shiru kamar tana shawara, sannan ta ce gwaf! gwaf! gurrrr, tagogin layin nan su ɗauki rawa. Masu barcin safe sun zage ta, amma yaran makaranta da yawa ita ta hana a yi musu bulalar makara.

Mai haƙuri ce, ba ta taɓa ƙin kaya ba. Ta ɗauki yashi da bulo da katako, da su aka ciyar da 'ya'yana har suka zama mutane. Ta kwashe kayan ƙaurar rabin layin nan, ta ga katifar da aka nannaɗe don kada a ga tabo, ta ga wadda akwatunanta shida ne amma huɗu babu komai a ciki, ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. A nan ta fi ni. Shekarar da ruwa ya cinye hanya, ita ta kai matar tela asibiti tana naƙuda, ruwa har gindin ƙofa, ko tari ba ta yi ba. Ita kuma ta kai maigidana asibiti tafiyarsa ta ƙarshe, yana kwance a baya a kan katifa, kansa a cinyata. Da muka zo tudu sai ya buɗe ido ya ce, "Gaya wa Dogo kada ya matsa mata."

Kowa ya san ta da abu ɗaya: wani dogon bututun ƙarfe mai kaurin cinya, da ya taso daga gefen direba ya wuce saman rufi. Da ta zo yana da 'yar hula a kansa, reshen bishiya ya tafi da ita tun shekarar farko. Ƙasansa ya shige bayan wani faffaɗan ƙarfe da sojoji suka like da walda, ba a ganin inda ya nufa. Shekara ashirin da huɗu ana gardamar amfaninsa a kan bencin mai shago. Mai shago ya ce bindiga ce aka cire mata kunama. Wanzami ya ce ta nan hayaƙi ke fita, ko da yake ko sau ɗaya ba a ga hayaƙi a wurin ba. Matar tela ta ce ta nan sojoji suke magana da jirgin sama, wai ƙanin mijin yayarta ya gaya mata. Maigidana kuwa ya yanke hukunci: mazaunin tuta ne. Abin da ya faɗa a kan mota, a gidan nan ya zauna ke nan.

Mutum ɗaya ya taɓa ja da shi. Surukina, yana sabon ango, ya hau rufi wata rana inji na aiki, ya ɗora tafin hannunsa a bakin bututun, ya leƙo ya ce, "Baba, kamar iska take ja ta nan fa." Maigidana ya ce, "Sauko, ɗan nan. Kai da ka saba da motoci masu kama da kwalin ashana, me ka sani a motar soja?" Aka yi dariya. Tawa ta fi ta kowa ƙarfi, har na kai labarin gidaje uku kafin la'asar. Bai ƙara tayar da maganar ba. Juyen mai da gyaran birki kawai aka bar masa, shi ma bai nemi ƙari ba.

Marigayiya ta bar Dogo, wanda yanzu yake jan motar wani yana cewa "to, ranka ya daɗe" a shekarunsa. Ta bar taya ɗaya ta safaya da ba ta taɓa taka ƙasa ba, da jak mai nauyin jaki, da tabon baƙin mai a ƙofar gida wanda na yi shekaru ina tsine masa, yanzu kuma na hana a share. Ta bar ni, da na rasa inuwar da nake zama ina ganin wa ya shiga gidan wa.

Ga yadda jinyarta ta kasance. A daminar nan tayoyinta biyu suka fashe, ta yi wata biyu a tsaye ana jiran sababbi. An ajiye ta jikin matakalar benenmu, yadda idan ka tsaya a sama bakin bututun yana daidai gwiwar hannunka. Sai rina suka yi gida a ciki. Suka harbe ni sau biyu a wuya ina zaune a inuwarta, na uku a leɓe, na kwana biyu ba na iya magana, abin da na ji ya yi wa wasu daɗi. Ran nan da azahar babu kowa a gida, na ɗauko tsohon zani, na cusa a bututun da muciya, na ɗebo yashi kwano biyu daga wanda magina suka bari na zuba a kai, na danna. Na ce mazaunin tuta ne, mu kuma ba mu da tuta. Rina suka watse. Na yi murna, na manta.

Da tayoyi suka zo, surukina ya juye mata mai ranar Litinin. Ranar Talata aka loda bulo, Dogo ya hau ya murɗa makulli. Ta ce gur, gur, gur. Ta ce khhh, khhh, kamar wadda aka shaƙe. Dogo ya taka mata wuta, ya ƙara takawa. Sai muka ji ta haɗiyi wani abu, ƙwat! Ta yi wata ƙara da ban taɓa ji a bakinta ba, kar-kar-kar-kar, ta girgiza sau ɗaya, ta yi shiru. Ina tsaye a ƙofa da butar shayi. Wallahi ko a zuciyata ban haɗa wannan da zanina ba.

Dogo ya kira wani bakanike daga waje. Ya buɗe inji ya ce yashi ne ya cinye cikinta, babu abin da zai tashe ta. Dogo ya juya ya dubi surukina a gaban mutane ya ce, "Kai ka taɓa ta jiya. Ka bar ta a buɗe iska ta zuba mata ƙasa. Kada ka ƙara sa mata hannu." Surukina ya tattara sifanoninsa ɗaya bayan ɗaya, ya goge kowacce, ya ce mini, "Inna, sai an jima." Ni ma a lokacin na harare shi. Har na gaya wa matar tela cewa dama hannunsa ba shi da albarka.

Kwana tara da suka wuce mai sayen tsofaffin ƙarafa ya zo duba gawar, Dogo yana wurin aiki. Dattijo ne, ya ce da ƙuruciyarsa irin waɗannan motoci yake gyara wa sojoji. Ya zagaya ta yana shafa ta. Na ce bari in kashe gardamar benci, na tambaye shi, "Malam, wannan na tuta ne ko?" Ya yi dariya ya ce, "Wace tuta, Hajiya? Hancinta ne. Ta nan take numfashi. An kai shi sama ne don idan ta shiga kogi kada ta shaƙi ruwa." Ya sa wata doguwar waya a ciki don ya nuna mini inda ya bi. Da ya jawo ta sai ga guntun zani a maƙale, shuɗi mai zanen ganye. Ya ce, "Wa ya yi mata wannan?" Na ce masa yaran layin nan ba su da tarbiyya. Na karɓi guntun na ɓoye a lalitata.

Yana nan a lalitar har yanzu. Sau uku ina kai wa Dogo abinci da niyyar in faɗa, sai in ga ramar da ya yi, in ce masa ya ƙara miya. Ni da na kai labarin kowa ko'ina, nawa ya fi ƙarfin bakina. Shi ya sa na rubuta. Jama'a, ni na kashe Kyaftin. Surukina bai yi komai ba, sai gaskiyar da ya faɗa tun yana ango muka yi masa dariya.

Za a yi jana'izar marigayiya ranar Asabar da ƙarfe tara na safe, a filin bayan gida, inda masu ƙarafa za su zo da wutar yanka. Mai zuwa ya zo da kujerarsa. Matar tela tana iya zuwa, amma kada ta ce dama ta sani. Ina roƙon a bar surukina ya tsiyaye mata mai na ƙarshe da hannunsa kafin a sa wuta, idan ya yarda ya tako filin, don ba ni da fuskar da zan tilasta shi. Bututun ba na sayarwa ba ne, a kwance shi a ba surukina.

Na liƙa wannan takarda a ƙofar gida da bangon shago. Dogo bai san komai ba tukuna, ƙarfe biyar yake dawowa. Wanda ya riga shi karantawa ya kama bakinsa, ko da na yau kaɗai ne. Dogo, ina ɗakina, ban sa sakata ba. Duk faɗan da za ka yi nawa ne, zan zauna in ji shi har ƙarshe. Amma kada ka cire takalmi. Fara zuwa gidan ƙanwarka tukuna.