Ranar da Na Shaƙe Surukina a Takarda

Kwas na sati biyu na yi a waya kan rubutun fim, na gama ina jin Mubi ta yi mini kaɗan. Na haddace dokar: jarumi ya bar gida, ya haɗu da tsoho mai hikima, ya kashe dodo, ya dawo.

Da na zauna rubuta nawa fim ɗin na rasa sunan da zan ba dodon, sai na sa masa Baba Modu, sunan surukina, da niyyar in canza daga baya. Na manta.

Ranar karatu muka taru da 'yan wasa a ƙofar gidansa, don shi zai ara mana gidan mu ɗauki fim. Na miƙe ina karantawa har da nuni da hannu: "Sai jarumi ya shaƙe Baba Modu, mai cin 'ya'yan mutane!"

Baba ya ajiye carbinsa ya ce, "Ɗana, ci gaba. Ina mutuwa ne ko ina tsira?"

Yana mutuwa. Aron gida kuwa ya tashi.

Har yau in na je gaishe shi, sai ya dafe wuyansa ya ce, "Jarumi, yau dai da lafiya ka zo?"